Na Buga Ƙwallo Shekara Shida da Sunan Ƙanena

A lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ina tsaron baya a ekip ɗin ƙwallon ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ƙafa da ƙirji su ne iyakar abin da na mallaka, kuma ba a wuce ni. Wata ranar kasuwa wani mutum ya zo daga birni ya kalli wasanmu, ya ce yana so na, amma 'yan ƙasa da shekara ashirin yake ɗauka, in kawo takardar haihuwa. Ni ba ni da ita, a ɗaka aka haife ni. Ƙanena ne mai takarda, don shi aka sa lakwal. Inna tana ajiye ta a ƙasan kwalla, cikin leda. Na ɗauka na tafi.

Da sunansa aka yi mini lisans, da sunansa na buga shekara shida. A shekarar farko jarabawarsa ta zo, aka nemi takarda aka rasa. Kafin a yi wata, lokacin kai dosiye, wato takardun shiga jarabawar, ya wuce. Ya yi zuciya ya bar karatu, ya koma gona. Inna ta ɗora wa kanta laifi, tana cewa tsufa ne ya sa ta zubar da ita cikin shara. Har ta koma ga Allah ban buɗe baki ba.

Gwiwa ta kwance, aka sallame ni, na dawo na zauna a Tasawa ina horar da matasa. Bara muka kai wasan ƙarshe na kofin hutu. Shugaban ekip ya kawo mini ƙarti uku masu aske gemu da takardun ƙannensu, ya ce in sa su, kowa haka yake yi. Na ce ba a filina ba. Ya yi dariya ya ce tsohuwar kura ce yau take wa'azin nama, ai ya san da takardar da na yi tashe. Na ce don na sani ne na ƙi. Aka ci mu huɗu ba ko ɗaya. Washegari ya karɓe usur da ƙwallaye.

Daga nan na hau kabu-kabu sai ƙauye. Na iske ƙanena yana ɗaurin gero, na faɗa masa kome. Bai ɗago kai ba. Ya ce yaya, ai ya daɗe da sani. Wata rana yana noma da rediyo rataye a kalgo, ya ji an kira sunansa, an ce shi ne ya ci ƙwallo da ka. Ya ce ya yi shiru ne don kada Inna ta tsine mini. Sai ya miƙo mini igiya ya ce in kama. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba.

A Tasawa har yau ana ce mini wawan da ya zubar da kofi. Su yi ta faɗa. Ko gobe aka maido ni, amsata ɗaya ce. Masu rage shekaru, ku ji daga wanda ya yi: kowace takardar aro akwai mai ita a gida, kuma shi ne zai biya. Gwiwata ta warke. Ƙanena har yau yana gona.