Yadda Aka Cinye Mana Ƙuri'a a Gyaɗi-Gyaɗi

Ko da zan mance da komai na aikin nan, ba zan mance da Talatar da muka je Gyaɗi-Gyaɗi jin ra'ayin jama'a ba. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, don na ga kun fara ɗaukar littafin ƙa'ida kamar saukakke ne.

A lokacin ina ƙaramin jami'in raya al'umma, wato wanda ake turawa unguwa ya sha rana, ya dawo ya rubuta rahoto wani ya sa sunansa a kai. Shugabarmu kuwa Hajiya Rabi ce, mataimakiyar darakta, mace mai kirki amma ba ta wasa da fom. Masu ba da tallafi sun amince za su yi aiki guda ɗaya a wani layi, da sharaɗin mutanen layin su zaɓa da kansu, kuma rahoto ya isa ranar Alhamis. Idan bai isa ba, aikin ya koma wata unguwa.

Kowa ya san abin da layin ke bukata. Kwata ce ta toshe, duk ruwan da aka yi sai ya kwanta a gindin gidan wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai sayar da kunu ga masu jinya a bakin asibiti. Bangon ɗakinta ya tsage, an tokare shi da katako biyu, kuma a ɗakin take kwana da jikokinta. Amma sanin kowa ba ya shiga fom. Sai an yi ƙuri'a.

Ga yadda tsarin yake. Ana zana ayyuka a kwali, aƙalla guda huɗu, a jingina su a fili. Kowane mutum a ba shi tsakuwa goma ya zuba a gaban wanda ya fi so, sannan a ƙirga. Muna da uku: gyaran kwata, rijiyar burtsatse, da fitilun sola. Na huɗu ya gagara, sai na zana wata katafariyar ƙofa mai rubutun maraba da zuwa, don dai lissafi ya cika. Wallahi ni na ƙirƙiro ta, babu mahalukin da ya roƙa.

Da Hajiya ta ji zancen tsakuwa sai ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Sani, ka tara jama'a a Kano, ka raba musu duwatsu, motar ofis tana ajiye a gefe? Nemo wani abin."

Na zaga ban samu abin da ya fi sauƙi ba sai soyayyar gyaɗa mai ɓawo. Na sayo kwano uku, har ina yaba wa kaina dabara. Sannan na je wajen mai unguwa na ce a sanar, gobe kowa ya fito ya sa hannu a aikin unguwarsa. Abin da nake nufi, kowa ya shiga a yi da shi. Ladan ya sanar a lasifika bayan sallar isha'i, ya taƙaita: gobe a fito za a sa hannu.

To, ku da kanku kun san sa hannu kala-kala ne. Washegari masu adaidaita sahu suka ajiye sana'a suka zo da katin shaida, wai sa hannun karɓar tallafi ne. Wani lebura har ya shafo tawada a babban yatsa tun daga gida don kada a ɓata masa lokaci. Sauran kuma suka zo su ga abin da zai faru. Fili ya cika maƙil a ƙofar gidan Inna Tabawa, don nan ne kawai ke da sarari.

Na jera kwalayen. Na kwata na jingina shi a bangon Inna, cikin rana. Na ƙofar maraba kuwa, da yake ba na tsammanin kowa zai kula shi, na ajiye shi can ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Na yi bayani na kusan rabin awa, janareton wani mai walda yana ta ruri, ban san ko mutum goma sun ji ni ba. Inna Tabawa ta miƙe sau uku tana cewa, "Ɗan nan, kwatar nan dai, ga ta kana gani." Ni kuma ina ce mata, "Inna, a yi haƙuri, magana ba ta da gurbi a fom, sai ƙuri'a." Har yau in na tuna wannan amsar kunya nake ji.

Daga nan na juye gyaɗar a manyan farantai, na ɗaga murya na ce, "Bismillah jama'a, kowa ya sa hannu, goma-goma!"

Ku faɗa mini, Bahaushe ya ga faranti, an ce masa bismillah, an ce ya sa hannu, me zai yi? Mai unguwa ne ya fara, ya ɓare ya jefa a baki, ya ce Allah ya ƙara arziki. Kafin in rufe baki sai ƙaras-ƙaras kake ji ta ko'ina. Ina ihu, "Ba ta ci ba ce! Ƙuri'a ce!" wani dattijo yana ce mini, "Goma kacal? Kai, ofishinku da rowa yake." Cikin minti kaɗan an cinye zaɓen gaba ɗaya.

Da na zaga kwalayen, babu ko ƙwaya sai a gaban na kwata. Nan na tarar da gyaɗa goma cif, a jere. Ta Inna Tabawa ce. Na tambaye ta ko ita kaɗai ta fahimci bayanina, ta ce, "Wane bayani? Haƙoran da zan ci da su sun riga ni tafiya. Na ga ajiyewa ake nema, na ajiye a inda ke damuna."

Na ce wa Hajiya, wadda ta zo sa ido a kan taron, shi ke nan, kwata ta ci. Ta girgiza kai.

"Mutum ɗaya ba jama'a ba ne. Masu tallafi za su dawo mana da shi." Ta kalli ƙasa ta ce, "Ɓawon fa? Duk inda mutum ya tsaya ya zubar da ɓawo, nan zuciyarsa take. A ƙirga ɓawo a raba biyu, tunda kowace gyaɗa ɓawo biyu take bayarwa."

Na waiwaya na dubi filin. Rana ce ta kori kowa zuwa inuwa, don haka ɓawon duk yana jibge ƙarƙashin darbejiya, a gaban ƙofar da na zana don cike gurbi. Ke nan za a gina wa mutane ƙofar maraba, a bar bango ya danne tsohuwa da jikokinta, kuma da hannuna. Gyaɗa ta ƙare, masu adaidaita sun watse suna tsaki, babu halin sake zaɓe kafin Alhamis. Ana cikin haka aka kira azahar, Hajiya ta ce a ƙirga bayan salla.

Ban san me na karanta a sallar nan ba, Allah ya yafe mini. Muna dawowa muka tarar da fili fes, kamar ba a yi taro ba. Inna Tabawa na tsaye da tsintsiya. Ta share ɓawon kaf, ta tara shi tuli guda a inda take tara shara kullum, wato a bakin kwata, daidai gaban kwalin.

Hajiya ta ce, "Inna, wa ya sa ki?"

"Sai an sa ni? Ƙofar gidana ce, 'yar nan. Ku zo ku yi mini ƙazanta ku tafi, in zauna ina kallo?"

Hajiya ta cire tabarau ta dubi tulin, ta dubi bangon da katako ke riƙe da shi, ta daɗe tana kallonsa. Ina jin sai a lokacin ta gan shi sosai. Sannan ta mayar da tabarau ta ce, "Malam Sani, ƙa'ida ta ce a ƙirga abin da aka tarar a gaban kwali. Ƙirga abin da ka tarar."

Na durƙusa a bakin kwata da babbar rigata ina ƙirga ɓawon gyaɗa har la'asar, ina raba biyu. Rahoto ya tafi ranar Laraba. Masu tallafi suka aiko da yabo, wai ba su taɓa ganin unguwar da kanta ya haɗu haka ba. Aka gyara kwatar kafin damina ta gaba, bangon Inna bai faɗi ba, daga baya ma 'yan layin suka haɗu suka sake mata shi da bulo.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba su rasa sanin ciwonsu ba, mu ne muke zuwa da kunne a toshe da fom a buɗe. Tsohuwar nan sau uku ta faɗa mini gaskiya da bakinta na ƙi rubutawa, sai da ta faɗa da shara na yarda. Don haka in an tura ku unguwa, ku fara zama ku ji abin da ake cewa kafin ku fito da kwali. In kuwa dole sai an yi ƙuri'a, don girman Allah ku nemi abin da ba a ci.