Dutsen Gwajin Kawu

Jiya a ajin yaƙi da jahilci, mushe, wato malaminmu, ya rubuta "gwaji" a allo. Ina gama haɗa baƙaƙen, sai ƙamshin gawayin maƙerar Kawu ya dawo mini.

Kawu maƙerin azurfa ne a Agadas, ba ya karɓar ƙarfe sai ya goga shi a baƙin dutsensa. Yana da farfaɗiya. Wani baƙon lokotoro, wato likita, ya kawo masa ƙwayoyin fenobarbital masu kwantar da jiki, ya ce gwaji yake yi, yana ta ƙara masa yawansu.

Na ce, "Kawu, barcin nan ya yi yawa. Guduma fa ta faɗi daga hannunka."

Ya yi dariya, harshensa da nauyi. "Ɗana, mai gwaji ba ya cuta. Haka nake yi wa azurfa."

Bai san shi ne dutsen ba. Wata rana da hantsi ya jingina da bango, shayinsa na tafasa, bai farka ba. Lokotoron ya bar Agadas, ko gaisuwa babu.

Allah Ya sanyaya kabarin Kawu. Wancan kuwa ban yafe ba. Allah Ya isa, Ya hana idonsa barci har ranar hisabi.