Labaran Ta-Iya da Aka Ce a Goge

Shekara shida ke nan da rasuwar 'yata ta fari. A irin wannan watan ne, gero yana fitar da kai, aka ɗauko ta daga asibiti zuwa gida Tudun Wada, aka kai ta makwancinta kafin azahar. Ta bar jaririya mace da ko suna ba a raɗa mata ba, ta bar miji, ta bar waya guda mai tsagaggen gilashi. A kan abin da ke cikin wayar nan nake son yin magana yau, don saura kaɗan a binne shi tare da ita.

Za ku ga ban kira sunanta ba. Ku yi mini uzuri. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, kuma ba ta sa baki in an taso da maganarsa a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. Tun da aka yaye ta, kakarta ta wajen uba, Iya, ta ɗauke ta, a hannunta ta tashi a can bayan kasuwa. Shi ya sa nake ce mata Ta-Iya. In ta zo gaishe ni, daga bakin ƙofa take durƙusawa, in amsa ina kallon wani wuri, ta tashi. Yaran yanzu sukan ce wannan rashin so ne. Ni ban iya jayayya ba. Abin da na sani shi ne, duk ranar da muka yi miyar nama, in na zo zuba na gidan Iya, nakan sa tsoka mai kyau a ƙasan kwanon Ta-Iya, in ɗora malmalar tuwo a kai, in rufe. Ban taɓa ce mata na sa ba, ita ma ba ta taɓa ce mini ta gani ba.

Da ta yi aure aka kai ta Doguwa, gidan wani malamin firamare. Ƙannenta in sun je mata kwana sukan dawo suna dariya, wai Yaya takan yafa mayafi ta hau dutsen bayan gida, ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Na ɗauka hira ce da ƙawaye. Ban tambaya ba, ba hurumina ba ne.

Ana cikin zaman makoki sai ga mota cike da mata, babu wadda muka sani a cikinsu. Babbarsu wata mai ɗinki ce daga Bebeji, suna ce mata Anti Zulai. Bayan sun yi gaisuwa ta matso kusa da ni ta ce, "Mama, mu 'yan zaurensu ne." Da ta ga ban gane ba, ta yi mini bayani a hankali. Wai wani taro ne na mata a cikin waya, masu rubuta labaran soyayya da masu karantawa. Marubuciya takan turo shafi guda yau, gobe ko jibi ta turo wani. Masu karatu su yaba, su yi tsiya, manya su gyara wa ƙanana, masu daɗin murya su karanta a ɗauka don waɗanda ba su iya karatu ba. Ta ce Ta-Iya tana cikin waɗanda aka fi jira.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo su bayan ta'aziyya. A ƙa'idarsu, in 'yar zaure ta rasu, sukan dakatar da labarai, su raba izu sittin a tsakaninsu su yi mata sauka. Wannan sun riga sun yi. Abin da ya rage shi ne rubutunta. Ba sa taɓa shi sai iyaye sun yi magana. In an ce a goge, su goge, su roƙi duk wadda ta ajiye a wayarta ita ma ta goge. In an ce a bari, su bari.

Mahaifinta ya riga ta rasuwa, don haka aka kai maganar soro wurin wansa, Yaya Alhaji. Da kansa ya taso ya tsaya a bakin tsakar gida. Mutum ne mai son yarinyar nan, shi ya karɓi sadakinta, amma ya ce, "A goge duka. Duk idon da ya bi labarin soyayyar nan, a kanta za a rubuta, ga ta kwance ba ta iya kare kanta."

Zulai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mun ji, Alhaji. Sai dai mukan so mu ji ta bakin mahaifiya."

Kowa ya san abin da ya kamata in ce. Uwar 'yar fari, gaban wan miji, cikin taron makoki: duk abin da Yaya ya yanke shi ke nan. Har na buɗe baki da niyyar faɗin haka. Abin da ya fito shi ne, "A ba ni in karanta tukuna."

Ni kuwa karatuna na yaƙi da jahilci ne. Da girmana na shiga ajin manya da ake yi mana a firamare bayan la'asar, kuma har yau da yatsa nake bin layi. Mijinta ya miƙo mini wayar, Zulai ta ƙara wa baƙaƙen girma, ta sa ni a zauren. Aka sanar cewa babu mai tura labarin marigayiya ko'ina sai Mama ta gama. Jaririyar ni aka ba riƙonta, kamar yadda Iya ta riƙi uwarta. Da hantsi, in na gama aiki, sai in goya ta, in zauna gindin darbejiya in karanta abin da ya sawwaƙa. Aka yi girbi, rani ya shiga ya fita, ina nan ina bi da yatsa.

Matan nan ba su taɓa ce mini in yi sauri ba. Tsokana dai ba su fasa ba. Akwai wata daga Kiru, ba ta da dama, takan turo murya ta ce, "Mama, kin kai inda ya biyo ta da goruba har bakin rijiya? To ki gyara zama, yanzu aka fara." In ce mata, "Ke 'yar nan, a gidanku ba a raba kunya ba ne?" Ta ce, "An raba, Mama, ina wajen cajin waya." Ita ce kuma daga baya ta gaya mini cewa da sauraro ta fara, amma haushin jiran mai karantawa ya sa ta koma aji, yanzu ita ke duba wa 'ya'yanta aikin makaranta.

Ba zan ce duk abin da na karanta ya yi mini daɗi ba. Akwai wuraren da na kife wayar don kunya. Samarin labaranta sun cika daɗewa a zance, kuma ban san inda ta ga ana yankan shinkafa a watan da ta rubuta ba, kamar ba jikar manoma ba. Akwai shafi guda da ya wuce inda nake so ya tsaya. Na riƙe shi a raina na ci gaba.

Labarinta na ƙarshe na wata Dije ne, 'yar ruga daga gefen Falgore, da wani masunci na bakin ruwan Bagauda, mutum marar magana. Ƙawayen Dije suna yi mata dariya, wai wane irin masoyi ne wannan, bai taɓa kiran sunanta ba, bai iya kalma mai daɗi ba, sai dai a wayi gari a ga kifi rataye a jikin danga. Sai Dije ta ce musu ita ta san irin wannan son tun tana ƙarama. A gidansu akwai wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba, amma ita Dije ba ta taɓa kai ƙasan kwano ta rasa nama ba.

Na maimaita layin, don nakan yi kuskure. Haka yake. Na ajiye wayar a kan tabarma, na tashi na sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Washegari na sa hijabi na tafi gidan Yaya Alhaji. Na same shi a soro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi marainiya, sannan ya ce, "Asabe, an gama karatun? Na ɗauka sai jikar taki ta isa aure."

Na ce, "An gama, Yaya."

"To?"

"A cire shafi guda. Sauran a bari."

Ya ajiye fartanyar. "Yau ke ce mai tsaya wa 'yar fari?"

"Ba tsaya mata na yi ba, Yaya. Tambayata aka yi."

"Kabari fa ba wurin gwaji ba ne."

Na ce, "Shi na duba. In ana rubuta mata abin da ido ya ɗauka na banza, ai ba za a manta da na kirki ba. Kuma yarinyar nan da ke bayana, in ta girma ta ce wace ce uwata, me zan gaya mata? Ni da ko hira ban taɓa yi da ita ba."

Ya ɗauki fartanyar ya ci gaba da gyaran ƙota. Can ya ce, "Allah ya sa ki fi ni gaskiya." Bai ce ya yarda ba, kuma har yau bai ce ba. Amma duk shekara in an zo rabon izu, yakan aiko a ba shi biyu. Wai ɗaya nata, ɗaya na idanun matan nan.

Yanzu nakan zauna in yi tunanin abin da za ta ce in ta ga yadda abubuwa suka koma. Sabis ɗin da take hawa dutse nema, yau har madafi yake shigowa. Zauren ya cika, an ma buɗe masa ƙanne, kuma ba a rasa 'yan rigingimu, wannan ta ce an ɗauke mata labari, waccan ta yi fushi ta fita, Zulai ta bi ta da lallashi ta dawo da ita. Har na ji wata murya ta na'ura tana karanta littafi, ba ta numfashi, ba ta san inda ake sassauta murya ba. Ina jin da ta yi dariya. Ina jin kuma da ta ji haushin yadda wasu ke gaggawa, don matan sun ce ita takan riƙe shafi ta ƙi turowa in bai kwanta mata ba, ko da ana ta yi mata magiya. Amma wannan duk zato ne. Waɗanda suka san dariyarta su ne matan zauren, ni a bakinsu na tsinta.

Labarin Dije bai ƙare ba. Ya tsaya inda take bakin ruwa, hadari ya haɗu, kwalekwalen masunci bai dawo ba. Marubuta da dama sun nemi iznin ƙarasa shi, cikinsu har da waɗanda suka fi ta gwaninta. Na ce a bar shi inda mai shi ta ajiye. A lokacin ban san dalilina ba, ji kawai na yi ba na so. Daga baya na ga abin da ya haifar. Duk sabuwar yarinyar da ta shigo zaure ta bi labarin, in ta kai bakin ruwan nan sai ta rubuto, ina ci gaban? Sai wata ta amsa mata, marubuciyar ta rasu, ki yi mata addu'a. Sai ka ga addu'o'i sun jero, daga matan da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Na kai wa Yaya Alhaji wannan labarin. Ya ce, "To, a bar kwalekwalen nan a ruwa."

Ban ce na san abin da ke cikin kabari ba. Wata rana tsoron da Yaya ya ji ni ma yakan ziyarce ni, in yi ta istigfari a madadinta. Amma in na auna abin da ya rage nata a duniya, ba shi da yawa. Kayan ɗakinta an raba, zannuwanta sun koɗe a jikin ƙannenta, wayar ma ta mutu, sai da aka kwashe abin cikinta zuwa wata. Abin da ya saura shi ne yarinyar nan da ta shiga firamare bana, da labaran da za ta tarar in ta isa karanta su, da wata mata a Kiru mai duba aikin 'ya'yanta, da Dije tsaye a bakin ruwa tana jawo mata addu'a.

Bana da lokacin sauka ya zo, Zulai ta kira ni ta ce, "Mama, sababbi sun yi yawa, da yawansu sunan alƙalaminta kawai suka sani. Ke za ki buɗe mana, ki faɗi sunan wadda za a yi wa." Na danna wurin ɗaukar murya, na yi sallama, na tsaya. Na goge, na sake, na kuma tsayawa a wuri guda. Bakin da ya shekara talatin da wani abu yana kewaye sunan nan ba zai koya yau ba. Sai na koma wurin rubutu, na sa yatsan da nake bin layi da shi, na nemo baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na tura.

Ga shi zan sake rubutawa a nan, inda kowa zai gani.

Nafisa, ashe kina ganin naman. Allah ya haskaka makwancinki.