Maƙesu a Tafin Inna

Damanar da farar yana ta rufe idon Inna, na gaji gajiyar da barci ba ya maganinta. Da rana ina kan keken ɗinki a Sabon Gari, da yamma in dawo gida in tarar ta zuba gishiri a koko ko ta yi tuntuɓe da buta, kuma laifin na mai ajiye butar ne. Lokotoron asibiti ya ce aikin idon ƙarami ne, amma in aka ja lokaci zai yi wuya. Inna ta ce babu mai sa mata wuƙa a ido, ƙalau take gani, fitilun Maraɗi ne suka cika kashe ido.

A Jiratawa, inda aka haife ta, tsofaffin gidansu na da hanyarsu ta gwada ido. Bayan magariba sukan tsaya bakin fadama. Wanda ya ga maƙesu, ƙwarin nan masu wuta a gindi, idonsa na nan. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Inna ta ce in kai ta can, in ta gan su kada in sake yi mata zancen asibiti. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da ƙanenta na Tsibiri, duk a banza. Ƙarshe na ari moto mai ƙafa biyu wajen maƙwabci, na ɗora ta a baya, ta riƙe rigata tana yi mini gyaran tuƙi a hanyar da ba ta gani.

Mun yi sallar magariba a gidan dangi, na ja hannunta zuwa bakin fadama. Ina zaton maganin feshin masu lambu ya gama da maƙesun tuni, har na fara shirya abin da zan faɗa. Ashe suna nan fal. Ciyawa duk ta kama walƙiya, wasu na tashi har saitin fuskarmu, ɗaya ma ya sauka a kan mayafinta yana kunnawa yana kashewa.

Inna ta daɗe tana juya kai. Sannan ta yi tsaki.

"Ka gani ko? Sun kashe su da wanga magani nasu. Ko guda babu."

Wallahi na so in ce haka ne, mu koma gida in kwanta. Ƙafafuna ciwo suke, sauro na cizona, kuma ba ni da sauran ƙarfin gardama. Amma in na ce haka, zancen asibiti ya mutu ke nan. Na ɗauke na kan mayafin a hankali, na buɗe tafinta na sa mata.

Ta ji yana tafiya a fatarta, ta gane shi. Ta ɗaga hannun har ya kusa taɓa hancinta, ƙwaron na haska layukan tafinta. Ta tambaye ni, murya ƙasa ƙasa, ko yana ci. Na ce yana ci, Inna. Ta tambaya ko suna da yawa. Na ce sun cika fadamar.

Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta. Ta buɗe hannu ta bar shi ya tashi, ta lalubo hannun rigata.

"Gobe kar ka buɗe shago da wuri," in ji ta. "Ka fara kai ni wajen mutumin naka na asibiti."