Allurar da ta kwanta a gonar tsoho

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya lamba, shi ya sa wani furoje, wato shirin taimakon manoma, ya ɗauke ni aiki a Madarumfa. An ba ni moto da kaye, wato littafin rubuta rahoto, da wasu bututai na awon ruwan ƙasa. A cika bututun da ruwa, a binne gindinsa kamu guda. In ƙasa ta bushe sai ta tsotsi ruwan, allurar agogon awon da ke kansa ta hau. In da laima, allura ta kwanta.

Ɗaya na kafa shi a gonar wani tsoho wajen Safo, cikin mutanen da ba su salla. Yana da irin gero na gidansu, damin ƙarshe, wanda ya hana iyalinsa ci duk yunwar bazarar nan. Su ba su shuka sai mai gida ya tona rami da hannu, laima ta kai masa gwiwar hannu.

Aka yi ruwan farko, ɗan kaɗan. Na zo na tarar allura kwance. Na ce a yi shuka. Tsohon ya durƙusa ya tona, ya dunƙule yashin, ya buɗe hannu, yashin ya zube. Ya ce laimar yatsa uku ce, ƙasan toka ne.

Na tara masa mutane. Na ce wanda ke yanka wa kuka kaza ne zai koya wa na'ura aiki? Aka yi dariya, har da ƴaƴansa. Na ƙara da cewa duk gidan da ya ƙi, zan cire shi daga furoje.

Ya ce, "To, ɗana. Gobe."

Washegari na riga su zuwa gonar. Na buɗe bututun, babu ko ɗigo. A nan na tuna abin da aka faɗa mana wajen horo: in ƙasa ta bushe ƙwarai takan shanye ruwan kaf, iska ta shiga, allura ta faɗi kamar ana cikin tabki. Ina hango su tafe da sungumi da ƙwaryar iri. Na tsiyaya ruwan gorata a ciki, na rufe, na gaishe su.

Suka shuka irin kaf. Geron ya tsiro, kore shar. Kwana goma sha ba ruwa, ya ƙone a tsaye. A kaye na rubuta cewa manomin bai bi umarni ba.

Ranar da na zo cire bututun yana zaune a bakin gona. Bai zage ni ba. Ya ce, "Ɗana, ƙarfenka dai ya sha ruwa?"

Na ce ya sha, Baba.

Da damina ta zauna ya shuka gero na kasuwa. Irin gidansu ya ƙare a wannan shekarar. Ya rasu ban faɗa masa gaskiya ba, ƴaƴansa kuwa har yau suna cewa tsufa ne ya sa ya yi gaggawar shuka. Ni ina neman gafarar Allah, amma ƙofar gidansu ban taɓa zuwa ba.