Gogewata a Harkar Sadarwa

A shekarar 2012 wani kamfani mai kula da janaretocin da ke gindin turakun layin waya ya buɗe ofis a Minna, ya ce yana neman mai duba injuna. Ba a kai takarda da hannu, sai ta intanet. Babana ya sa rai ƙwarai. Shekara talatin ya yi cikin injin dizal, tun yana koyon aiki a tashar jirgin ƙasa, ga shi ciwon baya ya fara hana shi kwanciya ƙarƙashin tirela a garejinsa na Kpakungu. Aikin da zai yi a tsaye yake nema.

Ni na kai shi wani kafen intanet a Tunga, da yake ni ne ɗan bokon gidan, mai difloma da zaman kashe wando. Na buga masa tarihin aikinsa yadda ya faɗa: wurin wa ya koya, wa ya yaye shi, mutum nawa shi ma ya yaye. Mai kafen, wani Banufe mai son ba da shawarar da ba a nema ba, ya leƙo ya ce ba mutum ke fara karanta takardun nan ba, manhaja ce. Takan duba tallan aikin ta ga wace harka aka ambata, sannan ta bi takardun jama'a tana farautar kalmomin harkar. A nan sadarwa aka ce, don haka mu cusa kalmar ko sau ɗaya ne.

Baba ya ce bai taɓa aikin sadarwa ba, kuma ba zai fara ƙarya da furfura ba. Janareto dai janareto ne, ko a gindin turke yake ko a gidan biki. Haka muka tura.

Da na ga akwai sauran lokaci a kwamfutar, sai na cika tawa don kada ya tafi a banza. A gurbin gogewa na rubuta gaskiyata: shekara biyu ina sayar da katin waya na kamfanonin sadarwa ƙarƙashin lema a Ketaren Gwari.

Bayan sati uku amsa ta zo. An ba Baba haƙuri, wai ba shi da gogewa a harkar. Ni kuwa, da ban taɓa kwance ko noti ɗaya ba, an gayyace ni ganawa. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da shi, na ce ba za ni ba. Ya ce za ni, ai ko ni ko shi gida ɗaya aikin zai shigo. Kwana shida ya yi yana ɗura mini sunayen sassan inji, masu ganawar kuma suka ga ƙwararre, suka ɗauke ni.

Daga nan aikina ya koma buga waya. In inji ya yi gardama, sai in kira Baba in kara wayar a jikin injin. Daga ƙarƙashin tirela zai saurara ya ce iska ce ta shiga layin mai, ko matatar ta toshe. Ban taɓa jin ya kuskure ba. Ƙarshen shekara kamfani ya ba ni takardar yabo, na karɓa da hannu biyu ba ko kunya.

Da aka sake buɗe gurbi, lokacin sai an kama Baba yake iya miƙewa daga ƙasa. Na je gareji da murnata na ce yanzu kam ba sai ya yi ƙarya ba, shekara guda cur yana gyara janaretocin sadarwa, mu rubuta kawai, manhaja za ta gan shi.

Ya goge hannu da tsumma, ya ce:

"In na rubuta haka, tambayar farko da za su yi ita ce, to kai me kake yi a wurin? Kai za su kora."

Ya sa aka riƙe masa kafaɗa ya durƙusa, ya koma ƙarƙashin tirelar.