Biyar, Huɗu, Uku

A shekarata ta shida ina koyarwa a wata firamare da ke Yakasai aka ba ni aji uku. Ni mace ce mai kafiya. Tun ina yarinya ake faɗa mini haka a gidanmu a Madabo, kuma ban taɓa musu ba. Idan na ce yaro zai iya abu, to sai ya iya shi, ko da kuwa ni da shi za mu ƙare zangon ba ma ga maciji.

Tarawa da ɗebewa mun wuce su salin alin. Sau kuwa da waƙa muka haddace shi, har mai shagon da ke jikin katangarmu ya ce mini shi ma ya iya sau bakwai ta taga, kyauta. Wurinsa na riƙa karɓar marafan kwalbar lemo ina tarawa a tsohon gwangwanin madara, saboda na san ranar da za mu shiga rabawa sai yaro ya taɓa abu da hannunsa kafin ya yarda.

A layin gaba akwai wata yarinya siririya, shekarunta ba za su wuce tara ba. Ba ta da surutu, fensirinta kullum guntu ne, amma a sau babu mai kama ƙafarta. Ita ce ta ƙarshe da na yi zaton za ta ba ni ciwon kai.

Ranar farko na rubuta a allo: alewa goma sha biyu, yara uku, nawa kowa zai samu? Da na zo duba littafinta sai na ga ta rubuta biyar, huɗu, uku. Na ja mata jan biro na wuce. Washegari na ba su dabino ashirin a raba wa yara huɗu. Ta rubuta bakwai, shida, huɗu, uku. Abin haushin ma, in ka tara sai ka ga lissafin ya cika cif, ko ɗaya bai ɓace ba.

Na kira ta gaban allo.

"Ke, wa ya ce ki ba wani bakwai ki ba wani uku?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ai ba ki faɗi shekarunsu ba. Shi ya sa na kintata."

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ɗauka raini ne. Na ce ta je bayan aji ta tsaya har a tashi hutun tara. Ta tsaya, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai na ji kunya.

Na zazzage mata marafai a kan benci. In ina tsaye a kanta sai ta jera su huɗu-huɗu, ina juya baya sai ta zare ɗaya daga nan ta tura can, kamar mai gyara kuskurena. Da muka zo kan lissafin da ke barin saura kuwa abin ya ƙara lalacewa. Goma sha uku a raba gida huɗu, kowa ya rubuta uku saura ɗaya, ban da ita.

"Ina saurarki?"

"Malama, ba a barin saura. Auta ake ba."

A tsakiyar wannan fama hedimasta ya tara mu ya ce a bana duk wanda ya faɗi lissafi a jarrabawar ƙarshen shekara zai maimaita aji, kuma kada wata malama ta zo masa da roƙo. Rabawa ita ce kusan rabin abin da za a tambaya. Yarinyar nan tana da ƙanwa a aji biyu, ɗakin da ke jikin namu. In ta faɗi, baɗi ƙanwar za ta tarar da ita, su zauna aji ɗaya, wataƙila benci ɗaya. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsokanar yaran lungu kaɗai ta isa ta sa yarinya ta tsani makaranta. Da na sanar da ajin, na ga ta dubi bangon da ya raba mu da aji biyu, hawaye na zuba. A nan na ƙudurta a raina cewa ko ana ha maza ha mata sai ta wuce.

Wata Asabar da la'asar na hau adaidaita zuwa bakin lungunsu, na ƙarasa da ƙafa. Kakarsu ce ke riƙe da su, wata dattijuwa mai fara'a wadda ta shimfiɗa mini tabarma tun kafin in gama sallama. Bayan mun gaisa na fara zayyana mata matsalar, sai ta ɗaga mini hannu.

"Bari su ci abin nan tukuna, Malama, kada ya huce."

Awara ce a faranti, an barbaɗa yaji. Ta miƙa wa ɗalibata, ƙannen biyu suka durƙusa a gabanta: ta aji biyun, da wata 'yar ƙarama mai kamar shekara huɗu. Na gyara zama, na ce yau zan ga inda ake koyon cin zalin. A gidanmu babba ke fara ɗauka, kuma nasa ya fi tsoka, ni ma da yake ta biyar ce a ɗakinmu na sha wuyar wannan tsari.

Ta kasa awarar gida uku, babba da matsakaici da ƙarami. Sai ta tura babban gaban autar, matsakaicin gaban ƙanwarta, ta jawo ƙaramin gabanta. Ɗan gutsuren da ya rage a faranti ta ɗauka ta sa wa autar a baki.

Kakar ta ga yadda nake kallo ta ce, "Tun da uwarsu ta rasu ita ke rabo. Wallahi ban koya mata ba. Ta ce ƙaramar ba ta sha nono ya ishe ta ba."

Makonni ina jan biro a kan ukun nan, ashe rabonta ne. Na yi musu sallama na kama hanyar gida ina zargin kaina. Amma kafin in kai Madabo kafiyata ta dawo, domin na san mai duba takardar jarrabawa bai ga farantin awara ba, kuma tausayina ba zai ƙara mata maki ko ɗaya ba.

Azumi ya shigo, na gwada duk dabarar da na sani. Na cire yara daga tambayar na sa kwanduna, ta ce wane kwando ya fi girma. Na sa kaji, ta tambaya ko akwai 'yan tsaki. Wata rana har sai da na fita baranda na sha iska, don kada in faɗi abin da zai karya mini azumi.

Ana jibi Sallah da safe mutanen unguwarmu suka yi watanda a filin ƙofar gidanmu, wato sun haɗu sun sayi sa, za a raba naman daidai da yawan waɗanda suka shiga. Ina tsaye a soro da roba ina jiran kason maigidana. Mahauci ya shimfiɗa buhuna a jere, yana bi yana ajiye tsoka ɗaya-ɗaya, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya gama da tsoka ya koma hanta, ya koma tumbi, ya koma ƙashi. Limamin unguwa da furfurarsa yana tsaye, ga wani matashin tela da ko aure bai yi ba, kashinsu iri ɗaya, kuma babu wanda ya ga rashin ladabi a ciki. Saura kaɗan in yar da robar don murna.

Ranar da aka koma makaranta na riƙe ta lokacin tara. Na yayyaga takarda gida huɗu na jera a benci.

"Kakarku ta shiga watanda bana?"

"Ta shiga, kashi ɗaya."

"Ai ita ce babba a lungunku. Nata ya fi na kowa yawa ko?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Malama, a watanda? Ai da an yi rigima. Kowa daidai ne."

"To rabon da ke cikin littafi watanda ne. Yau ke ce mahauci. Ga tsoka goma sha uku, ga mutum huɗu."

Ta ɗebi marafan ta riƙa ajiyewa ɗaya-ɗaya, ta zaga sau uku, ɗaya ya rage a hannunta. Na ga yatsunta suna neman inda za su tura shi.

"Wanda bai zaga ba, yaya mahauci yake yi da shi?"

"Gefe yake ajiyewa."

"To shi ne saura. Rubuta."

Ba zan yi ƙarya in ce a ranar aka gama ba. Mako uku muka yi muna watanda kullum lokacin tara, ina cin biredina a tsaye. In tambaya ta zo da kalmar yara sai hannunta ya koma gidan jiya, sai in ƙwanƙwasa benci in ce, "Kuskure! Daidai ake rabawa." Na faɗi wannan magana ya fi a ƙirga. A hankali marafan suka koma gwangwani, ta fara yi da ka.

Ta ci jarrabawar, kuma ba da kyar ba. Ranar ba da sakamako ina ta washe baki kamar ni aka ƙara wa aji. Bayan an watse ta dawo ta tsaya a bakin tebur, katin a hannunta, fuskarta ba walwala.

"Malama, yanzu a gida ma daidai nake rabawa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Sallah. Jiya kifi ne. Auta ta cinye nata tana ta kallon nawa."

"Sai kika yi yaya?"

"Ban ba ta ba. Kin ce wancan kuskure ne."

Na zagayo na durƙusa a gabanta, na riƙe kafaɗunta, ƙasusuwan suna taɓa tafin hannuna.

"Saurara, 'yata. A littafi ne kuskure. Wanda kike yi a gida daidai ne, ya ma fi nawa. Laifina ne da ban faɗa miki ba."

Ta juya katin a hannunta. Can ta ce, "To yau in ƙara mata?"

Na ce, "Ki ƙara mata. Amma ke ma ki ci."